Gurbin Sauran Ƙabilu

Shekara huɗu na yi ina riƙe da ofishin wani ɗan majalisar jiha a Mubi. Ɗaki biyu ne a bayan shagon sayar da taki, da benci uku a baranda, da kwamfuta ɗaya, da firinta wadda ba ta jan takarda sai an tura mata da yatsa. Kafin nan shagon buga takardu gare ni a kusa da kasuwa, ina buga wa mutane wasiƙar neman aiki da yarjejeniyar sayen fili da katin ɗaurin aure. Ajinmu ɗaya da ɗan majalisar a firamare. Da aka zaɓe shi sai ya aiko a kira ni, ya ce yana son mutumin da ya iya rubutu, wanda kuma ba ya cikin rigimar kowa.

Na gane abin da yake nufi da maganar ta biyu. Kakana baduku ne, daga ƙasar Katsina ya zo da kayan aikinsa a jaka. A Mubi aka haifi mahaifina, ya kuma gaji sana'ar, a nan aka haife ni da 'yan'uwana, a nan kuma aka binne duk wanda ya rasu a gidanmu. Amma idan ana lissafin ƙabilun gari ba a sa mu a ciki. Saboda haka mutanen Gude ba za su ce an ɗauki Bafulatani ba, Fulani ba za su ce an ɗauki mutumin dutse ba. Na karɓi aikin.

Kowa Honorabul yake ce masa, ni ma haka na koma kiransa, ko da muna mu biyu. Mahaifinsa Bafulatani ne, mahaifiyarsa Gude, kuma yana jin harsunan biyu kamar yadda yake jin Hausa. Nakan zauna a ɗakin waje in san wane ne ya shiga wurinsa ba tare da na ɗaga kai ba, daga harshen da na ji ya juya. Ranar Juma'a da yamma yake isowa daga Yola, ya koma Litinin da safe. Sauran kwanakin ni ke zaune. Ina karɓar takardun masu neman kwalbati da masu neman a gyara musu taransifoma, in rubuta wasiƙun ta'aziyya, in kuma tuna masa wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka kwantar a asibiti. Shekarun bayan dawowarmu daga gudun hijirar da 'yan tada ƙayar baya suka sa mu ne, gari yana sake tsayuwa, kowa da buƙatarsa a hannu.

A shekara ta biyu aka ce za a ɗauki ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, aka kuma ba kowane ɗan majalisa gurbi kaɗan ya kawo sunaye. Namu shida ne. Ranar Asabar Honorabul ya rufe ƙofa, ya juya bayan wata ambulan, ya fara rabo. Ya ba Gude biyu, Fulani biyu, Fali ɗaya. Ya koma ya duba ko Musulmi da Kirista sun daidaita, ya soke wani suna ya sa wani. Ya sake dubawa ko mutum biyu sun fito daga gunduma ɗaya, ya sake sokewa. Ya yi kusan awa a kan sunaye biyar, kuma ban ga ya buɗe fayil ko ɗaya don ya ga sakamakon jarrabawa ba. Ba na jin mugunta ce. Haka ya tarar ana yi, haka kuma za a tambaye shi a kai.

A layi na shida ya rubuta kalma ɗaya: sauran. Wato Hausawa da Kanuri da Margi da Kamwe da Ibo da duk wanda ya rage.

“Wannan kai za ka cike,” in ji shi. “Ku ne sauran, kun fi ni sanin junanku. Ka tura mini jerin ranar Laraba.”

Fayil biyu ne a gabana da suka dace da wannan gurbin. Na farko na 'yar autan tsohon hedimastanmu ne. Shi mutumin Kamwe ne daga duwatsun Michika, Kirista, ya zo yankin Mubi yana saurayi, ya fara koyarwa a Mayo Bani kafin a dawo da shi cikin gari. Ya koyar da ni, ya koyar da Honorabul, ya koyar da yayana kafin mu. Baba Hedimasta muke ce masa. Da kansa ya kawo takardun, ya ƙi zama a kujerar da na ba shi, ya zauna a benci tare da masu jiran layi. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, ba ya raba mace da namiji.

“Yarinya na ya gama makarantar lafiya shekara uku,” ya ce. “Yana zuwa asibiti kullum, yana yi allura, yana karɓa haihuwa, ba albashi. Ban zo roƙo ba. Ka duba takarda kawai.”

Na duba. Sakamakonta ya fi na duk waɗanda ke kan ambulan ɗin.

Fayil na biyu na ɗan yayana ne. Makaranta ɗaya suka yi da ita, amma shi bara ya gama, sakamakonsa kuma matsakaici ne. Tun da ya gama yana zaune a shagon mahaifinsa, wanda ke fataucin atamfa da shadda tsakanin Mubi da Belel. Shi yaron mutum ne mai shiru, ya kusa talatin, yana son yin aure, kuma iyayen yarinyar sun ce sai sun ga aiki.

Ranar Litinin na buga sunan 'yar Hedimasta a layi na shida, na adana, na kashe kwamfuta.

Ranar Talata bayan azahar Yaya ya zo ofis. Ban san wanda ya gaya masa ba. A Mubi ba a daɗe ana neman irin wannan labari. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya jawo kujera.

“An ce gurbi ɗaya a hannunka yake.”

Na ce haka ne.

“Wa ka sa?”

Na gaya masa. Na kuma gaya masa dalili: shekara uku tana aiki kyauta, kuma ta fi kowa maki.

“Honorabul maki ya duba da ya raba biyar ɗin?” ya tambaya.

Na ce a'a.

“To kowa ya ɗauki nasa, kai kaɗai ne za ka zama alƙali? Tun da aka fara zaɓe a garin nan muke dangwala wa mutane. Yau rana ɗaya abu ya faɗo hannun ɗan gidanmu. Su Kamwe suna da ɗan majalisarsu a Michika, ta je can. Mu wa muke da shi?”

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya ce in leƙa Inna idan na tashi, tana nemana.

Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa lokacin da na shiga. Ba ta yi maganar gurbi ba sam. Ta tambayi yara, ta tambayi ciwon bayana. Da na tashi tafiya sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yayanka ne ya riƙe ka a makaranta bayan rasuwar babanku. Na san ba ka manta ba, na dai faɗa ne.”

Ranar Laraba da safe na kunna janareto, na buɗe jerin, na goge sunan 'yar Hedimasta na sa na ɗan Yaya. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na buga, na sa a ambulan, na ba direban motar Yola. Ina tuna cewa bayan nan na sayi ƙosai na ci, na kuma rubuta wasiƙun ta'aziyya biyu. Ban ji wani abu mai nauyi ba a ranar. Na gaya wa kaina cewa wani zagayen zai zo, kuma ita ce ta farko a lokacin.

Bayan mako uku aka kira waɗanda ke jerin zuwa Yola don tantancewa. Biyar suka wuce. Ɗan Yaya aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin, aka ba shi kwana goma. Ba shi da ita. Ni ma ba ni da ita. Aikin da na yi duk rayuwata bai taɓa neman ta ba, shi ya sa ban yi tunaninta ba.

Mai unguwarmu ya sa hannu ba gardama, ya rubuta cewa a gabansa aka haifi yaron da uban yaron. Amma fom ɗin yana tambayar ƙabila da ƙauyen asali. Wani ya ba Yaya shawara a rubuta Fulani, ya ce mutane da yawa haka suke yi. Aka rubuta. Na raka ɗan Yaya wurin jami'in da ke karɓar fom, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci. Ya karanta, ya ɗago, ya gaishe shi da Fulatanci. Ɗan Yaya ya amsa, “Jam,” wato lafiya. Dattijon ya ci gaba da wata doguwar magana, daga ji tambaya ce a kan dangi da wurin kiwo. Ɗan Yaya ya sake cewa, “Jam.” Mutanen da ke ɗakin suka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya tura masa fom ɗin a hankali, ya koma Hausa.

“Ɗana, na san kakanka, shi ya ɗinka mini kuben wuƙa ina yaro. Ba zan sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Ka rubuta gaskiya, in tura sama, abin da suka ce shi ke nan.”

Aka rubuta gaskiya aka tura sama. Kwana goma suka cika ba a ce komai ba. Da jerin ƙarshe ya fito, a layi na shida akwai wani suna wanda ba wanda ya san shi a Mubi. Honorabul ya yi waya biyu a gabana, aka ce masa gurbin ya faɗi ne aka cike shi a can. Ya ajiye wayar ya ce, “Ka ga abin da nake gaya maka,” ko da yake bai taɓa gaya mini komai a kai ba.

A ranar na sake buɗe fayil ɗin 'yar Hedimasta. Takarda ta uku a ciki ita ce indijin ɗinta ta Michika. 'Yar jiha ce cikakkiya, da an karɓe ta ba tambaya. Na ga takardar tun ranar farko, ban dai tsaya a kanta ba.

Zan iya yin shiru. Hedimasta bai san sunan 'yarsa ya taɓa shiga jerin ba, kuma mutane da yawa sun kawo fayil ba su samu ba. Na yi mako biyu a haka. Abin da ya tashe ni ba wani babban dalili ba ne: na hange shi a bakin kasuwa yana sayen manja, sai na tsinci kaina na juya na bi wani lungu. Shekarata arba'in da 'yan kai, ina ɓuya wa malamina a lungu. Ranar Lahadi da la'asar, bayan sun dawo daga coci, na tafi gidansa a wajen Lamorde.

Yana zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana ɓare gyaɗa a faranti. Matarsa ta kawo mini ruwa. 'Yar tana can gefe tana shanya fararen kayan aikinta a igiya. Na faɗi abin da ya faru a jere, tun daga ambulan har zuwa sunan da ba a sani ba. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa har na gama.

“Ka sa shi ranar Litinin, ka cire shi ranar Laraba,” ya ce.

“Haka ne, Baba.”

“To. Ka yi ba daidai ba. Ka sani, shi ya sa ka zo.”

'Yar ta ajiye bokiti ta matso. Ba ta dubi mahaifinta ba, ni ta duba.

“Malam, fayil ɗina yana ofis ɗinku?”

Na ce yana nan.

“Gobe zan aiko a karɓa. Akwai takarduna na asali a ciki.”

Ta shige ɗaki. Na ɗauka zancen ya ƙare, na fara neman takalmina. Sai Hedimasta ya ce in zauna.

“Yaron kuma, me ya sa aka cire shi?”

Na sake bayyana masa zancen indijin.

“Ni na koyar da uban shi a aji huɗu,” ya ce. “Kakan shi ya gyara mini jaka. In yaron nan ba ɗan Mubi ba ne, ɗan ina ne? Ni ina da Michika, ko ban kwana a can ba shekara da yawa, suna ba ni takarda. Shi ba inda za ya je.” Ya ture farantin. “Kai kana buga takarda. Honorabul yana majalisa. Za mu rubuta ƙorafi.”

Na ce masa ban zo don a yi wa ɗan Yaya yaƙi ba. Ya ce ba don ni ba ne, ba kuma don Yaya ba.

Mako uku muka yi a kan takardar. Yakan zo ofis da safe da rubutunsa a littafin makaranta, in buga, ya karanta, ya soke, in sake bugawa. Abin da muka nema bai da yawa: duk wanda aka haifa a ƙaramar hukuma, aka kuma haifi mahaifinsa a cikinta, a ba shi takardar ba tare da an tambayi ƙabilarsa ba. Shi ya bi mutane don sa hannu, da sandarsa da laimarsa. Teloli da dukawa na layinmu suka sa. Kanuri masu sayar da kifi suka sa. Wani Ibo mai kayan gyaran mota, wanda a Mubi aka haifi 'ya'yansa duka, ya karanta sau biyu ya tambaya ko abin zai jawo masa matsala a shago, sannan ya sa. Yaya ya ƙi. Ya ce an riga an yi masa dariya sau ɗaya a ofis, ba zai kai kansa a sake ba.

Labari ya kai ga shugaban jam'iyya na wata gunduma, dattijo ne mutumin Gude, manomi, wanda ya sha kawo mini masara ɗanya a ofis. Ya zo ya same mu muna gyara shafi na biyu. Suka gaisa da Hedimasta da girmamawa, don coci ɗaya suke zuwa.

“Malam,” ya ce wa Hedimasta, “kasuwa a hannun su wa take? Shaguna na bakin titi na su wa ne? Manyan motoci fa? Mu daga dutse muka sauko, ba mu da jari. Abin da ya rage mana shi ne ɗan aikin gwamnati, shi ma a raba? Wannan,” ya nuna ni, “yana da Katsina. Kai kana da Michika. Mu in an ture mu a nan, ina za mu je?”

Na ce masa sau ɗaya na taɓa zuwa Katsina, ɗaurin auren wani dangi na nesa, kuma can ɗan Adamawa suke kirana, yara suna kwaikwayon Hausata. Ya yi dariya sosai, ya ce wannan matsalata ce da su. Hedimasta ya ce maganar kasuwa gaskiya ce, amma yaron da ake magana a kansa ba mota gare shi ba, takardar makaranta gare shi. Suka yi ta yi har aka kira la'asar. Ba wanda ya canza ra'ayi. Da shugaban gundumar zai tafi ya ce mini in aiko a karɓi wake, ya yi girbi.

Honorabul ya karanta takardar a tsaye ranar Asabar. Ya ce, “Baba, wannan za ta iya cinye ni a zaɓe. Rabin masu zaɓena ba sa son ta, rabin masu son ta kuma ba sa fitowa zaɓen fid da gwani.”

“Ban ce ka yarda da shi ba,” in ji Hedimasta. “Mutanen ka sun rubuta. Aikin ka ka kai shi gaban majalisa. In ba za ka kai ba, ka faɗa mini yanzu, in nemi wani.”

Honorabul ya dube ni kamar ni na haɗa masa. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun babbar riga, ya ce zai duba lokaci. Wata biyu bai duba ba. Hedimasta bai sake yi masa magana ba, sai dai duk Asabar yakan zo ya zauna a benci na gaba, inda duk mai shiga da fita zai gan shi, ya gaisa da kowa, ya tafi da azahar. A Asabar ta tara Honorabul ya fito ya ce masa ranar Talata zai kai takardar majalisa.

Muka kama hanya da sassafe, ni da Hedimasta, a motar haya. Ya sa kwat baƙa wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. Muka wuce Hong da Gombi da Song, yana nuna mini makarantun da ya taɓa zuwa duba jarrabawa. A majalisa aka karɓi wayoyinmu a ƙofa, aka hau da mu bene inda baƙi ke zama. Mun zauna fiye da awa biyu kafin a shigo da sandar majalisa. Hedimasta ya miƙe tsaye da aka shigo da ita, ya kuma riƙe hannuna in miƙe, ko da yake na riga na miƙe.

Aka yi addu'a, aka karanta abin da aka tattauna a zaman baya, aka yi gardama a kan wata kalma a ciki. Sannan kakakin majalisa ya tambaya ko akwai ƙorafin jama'a. Honorabul ya tashi, ya faɗi mazaɓarsa, ya ce yana da takarda daga wasu mazauna Mubi a kan shaidar asali, yana neman izinin ajiye ta. Bai karanta abin da ke ciki ba. Aka ba shi izini, ya taka ya ajiye a tebur, ya rusuna, ya koma. Kakakin ya ce an miƙa wa kwamitin ƙorafe-ƙorafe, ya buga guduma. Wani ɗan majalisa ya tashi a kan maganar zaizayar ƙasa a garinsu.

Hedimasta ya sunkuyo kusa da kunnena. “Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan na yau.

Ya zauna har aka tashi, yana sauraron maganar zaizaya da ta kasafin kuɗi da hannuwansa a kan sanda. A waje Honorabul ya same mu, ya kai mu wani gidan abinci, ya yi ta bayanin yadda kwamiti ke aiki. Hedimasta ya ce masa ya gode, ya kuma ce masa idan yana magana a majalisa ya riƙa ɗaga kai, ba a jin sa daga bene.

Kwamitin ya gayyace mu sau ɗaya. Muka sake yin tafiyar, muka tarar mutum biyu ne kawai suka zo cikin 'yan kwamitin, aka ɗage. Akawun ya buga mana hatimi a kwafinmu, ya ce za a sake kira. Kafin a sake kira lokacin siyasa ya shigo, kowa ya koma mazaɓarsa. Honorabul ya faɗi a zaɓen fid da gwani. Wasu sun ce takardar ce, wasu sun ce wata kwalbati ce da ya yi alkawari bai yi ba, shi kuma ya ce wakilai ne suka ci amanarsa. Shugaban gundumar nan ya gaya mini cewa shi dai ya zaɓe shi, kuma na yarda.

'Yar Hedimasta ta samu aiki bayan shekara guda a wani asibitin mishan a wajen Maiha, ba ta hannun kowa ba. Yanzu ita ke riƙe da ɗakin haihuwa a can. Idan muka haɗu muna gaisawa, ta tambayi iyali in tambayi aiki, ba mu wuce nan. Ɗan Yaya ya buɗe ƙaramin kemis a Belel kusa da inda mahaifinsa ke sauke kaya, ya yi aurensa, da wata yarinyar daban. Indijin ɗinsa ta fito daga baya, lokacin da ba ya buƙatarta, kuma ba wanda ya gaya mana abin da ya sa aka bayar ko abin da ya sa aka riƙe. Tsakanina da Yaya ba a sake tayar da zancen ba. Inna ta rasu ba ta san sunan wa na goge ba. Ban ga amfanin gaya mata ba.

Da wa'adin Honorabul ya ƙare, mai shagon taki ya ce yana son ɗakunansa. Na kwana biyu ina ware takardu. Na mayar wa masu fayil fayilolinsu, waɗanda na iya samu, sauran na ɗaure su da igiya na kai gidan Honorabul aka sa a gareji. Kwafin ƙorafin mai hatimi na ɗauka na kai wa Hedimasta, don na ga shi ya fi dacewa ya ajiye.

Na same shi ya rame, ƙafarsa ɗaya a kumbure a kan kujera 'yar tsugunne. Ya aika aka ɗauko masa tabarau, ya karanta takardar tun daga farko har sunayen masu sa hannu, yana bin layi da yatsa. Wasu daga cikinsu sun rasu, ya faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya. A shafi na biyu ya tsaya, ya ce in ba shi biro. Ya zagaye wata kalma inda na tsallake harafi.

“Wannan ya je majalisa a haka?”

Na ce a haka ta je.

Ya girgiza kai, ya mayar mini da biro. Sannan ya tambaye ni sabon ɗan majalisar ɗan gidan wa ne, da ranar da yake zuwa gari. Na gaya masa gidan, na ce ranar kuma ban sani ba tukuna, don ni na koma shagona na kasuwa. Ya ce in bincika in aiko masa.